Malamin nahawu da ya zama shugaban ƙasa: nazarin lamarin Senghor da harshen koyarwa a Senigal

A watan Satumba 1937 aka taru a zauren majalisar 'yan kasuwa ta Dakar, Turawan gwamnati da 'yan bokon Senigal, domin a saurari wani ɗan ƙasa da ya je Faransa ya ƙure karatu. Sunansa Léopold Sédar Senghor, shekararsa talatin, kuma sana'arsa a lokacin ita ce koya wa 'ya'yan Faransawa harshen iyayensu da Latin a wata makarantar sakandare da ke birnin Tours. Mutane sun zo ne su ji Faransanci mai gishiri daga bakin baƙar fata, kuma sun ji. Sai dai abin da ya faɗa da Faransancin bai yi wa da yawansu daɗi ba. Ya gabatar da kansa a matsayin manomi daga ƙasar Sine, sannan ya ce makarantar da ake yi wa yaran Afirka ta Yamma tana cire su daga tushensu. Ya nemi a bai wa harshen da yaro ya sha a nono gurbi a cikin aji, a raini yaro da harshe biyu, ya ɗauki abin da zai ɗauka daga Turai ba tare da Turai ta haɗiye shi ba. Wasu daga 'yan bokon da suka saurare shi suka fassara maganar da cewa mutumin ya ƙoshi da Latin da Girkanci, yanzu yana so ya mayar da 'ya'yansu baya.

Bayan shekara ashirin da uku wannan malami ya zama shugaban Senigal na farko. Ya yi shekara ashirin a kan mulki, daga 1960 zuwa ranar ƙarshe ta 1980. Ranar da ya sauka, yaron Wolof ko Serer ko Bafulatani da ya shiga aji ɗaya a makarantar gwamnati da Faransanci ake tarbarsa tun daga ranar farko, kamar yadda aka tarbi ubansa a zamanin Turawa. Tazarar da ke tsakanin jawabin 1937 da ajin 1980 ita ce abin da nake so in bi diddiginsa. Ni ma Faransanci nake koyarwa, ga yaran da Hausa ce harshensu na gida, don haka lamarin ya shafe ni kai tsaye.

Harsunan da ya taso da su

An haifi Senghor a Joal, wani gari na bakin teku a kudu da Dakar, ranar 9 ga Oktoba 1906. Mahaifinsa, Basile Diogoye Senghor, attajiri ne mai cinikin gyaɗa, ɗan ƙabilar Serer. Amma ƙuruciyar yaron a Djilor ya yi ta, ƙauyen mahaifiyarsa, kusa da kawunsa Waly wanda makiyayi ne. Wurin kawun ya koyi sunayen itatuwa da dabbobi da taurari, ya ji tatsuniya da waƙa da kirarin 'yan kokawa, duk da harshen Serer. Har ya kai shekara bakwai bai san Faransanci ba.

Wannan shekara bakwai ita ce jarin da ya yi ta ci har ƙarshen rayuwarsa, kuma shi kansa bai taɓa ɓoye hakan ba. Yaro ne da ya iya harshe guda ciki da bai kafin a ɗora masa na biyu. Ya san yadda ake ba da labari, ya san yadda ake sarrafa magana a gaban manya, kunnensa ya saba da karin waƙa. Da aka kai shi wurin 'yan mishan na Katolika, da farko a Joal, sannan a 1914 makarantar kwana ta Ngazobil, ba kai wofi ya je da shi ba. A can ya koyi Faransanci da Latin, ya kuma ƙware a Wolof, harshen da ya haɗa yaran da suka fito daga ƙabilu daban-daban. Daga nan ya wuce makarantar horon limaman coci ta Libermann a Dakar da niyyar zama fada. Shugaban makarantar, Fada Lalouse, bai ga alamar ladabin da yake nema a wurinsa ba, domin yaron ba ya yarda a ce mutanensa ba su da wayewa. Aka sallame shi daga hanyar limanci, ya koma makarantar gwamnati, ya gama da sakamako mai kyau, ya sami tallafin karatu ya tafi Paris a 1928.

A makarantar Louis-le-Grand ya zauna aji ɗaya da Georges Pompidou, wanda daga baya ya shugabanci Faransa, kuma a Paris ɗin ya haɗu da Aimé Césaire na Martinik da Léon-Gontran Damas na Guyana ta Faransa, abokan da suka gina aƙidar alfahari da baƙar fata da ake kira Négritude. Hanyar ba ta zo masa da sauƙi ba. Bai ci jarrabawar shiga École normale supérieure, babbar makarantar horar da malamai ta Paris, ba. Jarrabawar agrégation kuwa, wadda ita ce ƙololuwar shaidar malanta a sakandaren Faransa, ba a yarda ya zauna mata sai ya zama ɗan ƙasar Faransa, shi kuma ba a ɗaya daga garuruwa huɗun nan masu gata aka haife shi ba, wato Dakar da Gorée da Rufisque da Saint-Louis, waɗanda 'ya'yansu ke da haƙƙin ɗan ƙasa. Dole ya nemi takardar zama ɗan ƙasa. Ya zauna jarrabawar ya faɗi, ya sake zama, a 1935 ya ci a fannin nahawu. Shi ne ɗan Afirka baƙar fata na farko da ya samu wannan shaida.

Aji a Tours, bincike a Paris

Daga 1935 zuwa 1938 ya koyar a makarantar Descartes ta Tours, sannan aka mayar da shi makarantar Marcelin-Berthelot a Saint-Maur-des-Fossés, kusa da Paris. Masu ba da tarihinsa sukan tsaya a kan abin mamakin, wai ga baƙar fata yana gyara wa 'ya'yan Faransawa nahawu. Abin da ya fi jan hankalina shi ne abin da yake yi bayan an tashi daga makaranta. Yana zuwa darussan Lilias Homburger a kan harsunan Afirka a École pratique des hautes études, yana sauraron Marcel Mauss da Paul Rivet da Marcel Cohen a cibiyar nazarin al'adun al'umma ta Paris. Wato mutumin da ya ƙware wajen feɗe jimlar Latin ya juyo da wuƙar kan harshen uwarsa. A shekarun 1940 ya buga nazari a kan jituwar wasula a harshen Serer da kuma a kan rukunonin suna a Wolof. Ba ɗan siyasa ba ne da ke yabon harshen gida da baki kawai. Ya san cikinsa irin sanin masana.

Yaƙin duniya na biyu ya katse masa aiki. An ɗauke shi soja, Jamusawa suka kama shi a watan Yuni 1940, ya zauna a sansanonin fursunonin yaƙi har 1942 lokacin da aka sake shi saboda rashin lafiya. A tsare ɗin ma harshe ya ƙara, ya koyi Jamusanci, ya kuma zauna da sojojin Afirka ta Yamma 'yan ƙauye waɗanda ba su taɓa shiga aji ba, yana jin waƙoƙinsu da labaransu. A ƙarshen yaƙin aka ba shi kujerar koyar da harsunan Afirka a École nationale de la France d'outre-mer, makarantar da ke horar da jami'an da ake turawa su mulki ƙasashen Afirka. A wannan makaranta ce Hamani Diori, wanda ya zama shugaban Nijar na farko, ya taɓa koyar da Hausa da Zabarmanci kafin ya shiga siyasa. Abin lura ne cewa Faransa ta yarda a koyar da harsunanmu a Paris ga wanda zai zo ya mulke mu, amma ba ta yarda a koyar da su ga 'ya'yanmu a Maraɗi ko Kaolack ba. Taron da Faransa ta yi a Brazzaville a 1944 kan makomar ƙasashen da take mulka ya faɗe ta ƙarara: da Faransanci kaɗai za a koyar, an hana amfani da harsunan gida a aji. A makarantu da yawa akwai wata alama, ƙashi ko guntun itace, da ake rataya wa yaron da aka kama yana magana da harshensu, shi kuma ya yi ta farautar wanda zai miƙa wa. Wanda ya yi makaranta a arewacin Najeriya ya san 'yar'uwar wannan, tarar da ake ci idan an ji ka da Hausa a harabar sakandare, ko da yake a nan Turawan Ingila sun fara boko da Hausa tun makarantar Ɗan Hausa a Nasarawar Kano a 1909.

A 1945 ya koma Senigal da tallafin bincike domin ya tattara waƙoƙin baka na Serer ya rubuta kundin digiri. Lamine Guèye, babban ɗan siyasar Senigal na lokacin, ya ja shi cikin takara, aka zaɓe shi ɗan majalisa a Paris, kundin kuwa bai ƙara komawa kansa ba. A majalisa ya yi faɗa a kan ilimi sosai, amma a lura da irin faɗan: a ba yaran Afirka makarantu da jarrabawa da takardun shaida daidai da na Faransa, a ƙara tallafin karatu, a daina ba su ilimi mai rahusa. Buƙata ce ta gaskiya, domin iyaye sun gaji da makarantun karkara inda yaro ke yini a gonar makaranta ya fito bai iya komai ba. Cibiyar ilimi mai zurfi da aka buɗe a Dakar a 1950, wadda ta zama jami'a a 1957, daga irin wannan matsin lamba ta fito. Sai dai neman daidaito da Faransa yana nufin karɓar manhajar Faransa da harshenta dungurungum. Tun daga nan jawabin 1937 ya fara ja da baya.

Bai bar shi gaba ɗaya ba. A 1953 shi da wani malamin makaranta marubuci, Abdoulaye Sadji, suka fitar da littafin karatu na 'yan firamare wanda aka gina a kan tatsuniyoyin zomo mai wayo, Leuk, wanda a Senigal yake matsayin Gizo a wurinmu. Yaro ya buɗe littafi ya ga kura da zomo da kuka maimakon dusar ƙanƙara da itacen tuffa. Ci gaba ne babba. Amma da Faransanci aka rubuta shi. Al'adar ta shiga aji, harshen ya tsaya a bakin ƙofa, kuma kusan haka tsarin ya kasance har ƙarshen mulkinsa.

Da alli ya koma hannunsa

Tsarin mulkin Senigal mai 'yanci ya ce Faransanci ne harshen hukuma. Senghor bai ɗauki wannan a matsayin larura ba, ƙaunar harshen yake yi da gaske. Ya sha faɗin cewa a cikin ɓaraguzan mulkin mallaka an tsinci wani kayan aiki mai daraja, shi ne Faransanci. Ya ƙarfafa koyar da Latin da Girkanci a sakandare, ya zuba kuɗi a kan al'adu, ya karɓi baƙuncin bikin fasahar baƙar fata na duniya a Dakar a 1966, wanda Legas ta karɓi na biyunsa a 1977. An san shi da gyara wa ministoci da 'yan jarida kuskuren nahawu. Malamin bai taɓa ajiye jan biro ba.

Game da koyar da Faransanci ga yaran da ba harshensu ba ne, an yi wani yunƙuri da ya kamata malamai su sani. Cibiyar nazarin harshe ta Dakar da ake kira CLAD, wadda aka kafa a 1963, ta tsara hanyar koyarwa da ke amfani da rediyo: a kunna darasi a aji, yara su saurari hira, su maimaita, malami ya bi da su. Masu tsarin sun yi la'akari da wuraren da Wolof da Faransanci suka saɓa domin su san inda yaro zai yi tuntuɓe. A takarda dabara ce mai kyau. A ƙauye kuwa rediyo na lalacewa, batir na ƙarewa, malamin da ba a horar da shi sosai ba ya koma ɗan kallo, yara suna rera jimlolin da ba su san ma'anarsu ba. Iyaye da ƙungiyoyin malamai suka yi ta kuka da shi.

Jami'a ma ba ta zauna lafiya ba. A watan Mayu 1968 ɗaliban Dakar suka shiga yajin karatu saboda an rage musu kuɗin tallafi, kuma cikin kokensu har da cewa jami'ar ta Faransa ce da aka dasa a Afirka. Jami'an tsaro suka shiga harabar, ɗalibi guda ya rasu, aka mayar da ɗaliban wasu ƙasashe gida, ƙungiyar ƙwadago ta shiga yajin aiki. Gwamnati ta sha da ƙyar. Bayan wannan girgiza aka fara gyare-gyare, kuma a 1971 aka fitar da dokar da ta tsara yadda za a rubuta harsuna shida da aka kira harsunan ƙasa: Wolof, Serer, Fulatanci, Joola, Mandinka da Soninke. A ƙarshen shekarun 1970 aka buɗe 'yan azuzuwan gwaji da ake koyarwa da Wolof, wasu ta talabijin. Ba su yi yawa ba, ba su kuma daɗe ba.

Me ya hana? Hujjar da Senghor ya fi kawowa ta malamin nahawu ce: ba a koyar da harshe sai an rubuta masa nahawu na kimiyya da ƙamus, an daidaita rubutunsa, an horar da malamai. Ba a fafe gora ranar tafiya. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa a fili ba. Wolof ne harshen da mafi yawan 'yan Senigal ke ji, don haka duk wani shiri na harshen gida zai fi ɗaga Wolof, shi kuwa shugaban ɗan Serer ne, Kirista a ƙasar da kusan kowa Musulmi ne, yana kuma da mutanen Casamance da Fulanin Futa da zai lallaɓa. Faransanci ba na kowa ba ne, saboda haka ba wanda zai ce an fifita wani a kansa. Sannan ga maƙwabciya Gini, inda shugaba Sékou Touré ya shigar da harsunan gida cikin makarantu daga 1968 ba tare da isassun littattafai da horarrun malamai ba. Da ya rasu a 1984 aka soke shirin, iyaye da yawa kuma ba su yi kukan rabuwa da shi ba.

Ban raina waɗannan hujjoji ba, amma ba su gamsar da ni ba. Shekara ashirin ta isa a rubuta nahawu da ƙamus idan ana so, balle ga shugaban da shi kansa ya iya aikin. Julius Nyerere, wanda shi ma malamin makaranta ne, bai jira komai ya kammala ba kafin ya mayar da Swahili harshen firamare a Tanzaniya. Kuma ba gaskiya ba ne a ce harsunan Senigal ba su da rubutu. Almajiran makarantun allo, waɗanda a can ake kira daara, sun daɗe suna rubuta Wolof da haruffan Larabci, abin da suke kira Wolofal, daidai da ajaminmu, kuma malamai irin su Moussa Ka sun bar waƙoƙi masu yawa da shi. Akwai dubban mutane da suka iya karatu da rubutu ta wannan hanya, amma tsarin gwamnati ya lissafa su cikin jahilai. Mutumin da ya yi shekaru yana bin sawun waƙar baka ta Serer bai ba wannan taska muhimmancin da ta cancanta ba, kuma ina ganin tarbiyyar mishan da ta Paris ce ta rufe masa ido a nan.

Rigimar baƙi biyu

Akwai wani abu da ya faru wanda mai jin Hausa zai fahimta fiye da Bafaranshe. A Wolof, kamar a Hausa, ana nanata baƙi, kuma nanatawar tana canza ma'ana. Mu mun san baba daban, babba daban. Dokokin rubutun Wolof da gwamnatin Senghor ta fitar a tsakiyar shekarun 1970 ba su amince da rubuta baƙi biyu a irin waɗannan kalmomi ba, masana harshe na ƙasar da yawa kuma suka ce kuskure ne. Ba a bar maganar a zauren jami'a ba. Cheikh Anta Diop, babban abokin hamayyarsa a ilimi da siyasa, wanda tun 1954 ya nuna ana iya bayyana kimiyyar zamani da Wolof, ya fitar da jarida mai suna Siggi, wato ɗaga kai. Hukuma ta ce da g ɗaya ake rubutawa. Maimakon su cire harafin, masu jaridar suka sauya mata suna zuwa Taxaw. Fim ɗin Ousmane Sembène na 1977, Ceddo, an hana nuna shi a Senigal, dalilin da aka bayar a hukumance kuwa shi ne d biyun da ke cikin sunan. Mutane da yawa sun ce ainihin dalilin shi ne yadda fim ɗin ya taɓo tarihin addini da sarauta, harafin kawai aka fake da shi. Ko ma wanne ne, abin takaici ne a ga ilimin nahawu ya zama sandar dukan masu rubutu da harshen gida. Rubutun Wolof da ake amfani da shi a yau yana nanata baƙi, wato masu jaridar da mai fim ɗin ne suka yi daidai.

Wata guda bayan saukarsa, a Janairu 1981, magajinsa Abdou Diouf ya kira babban taron ƙasa a kan ilimi. Taron ya nemi a shigar da harsunan ƙasa cikin makaranta, aka kuma yi watsi da darussan rediyon nan. Aiwatarwa ta ɗauki shekaru masu yawa tana tafiyar hawainiya, sai a 'yan shekarun nan ne Senigal ta ɗauki koyar da karatu da harshen gida a azuzuwan farko da muhimmanci. Shi kuwa Senghor ya koma Faransa da zama. A 1983 aka zaɓe shi cikin Académie française, majalisar mutum arba'in da ke kula da harshen Faransanci, ɗan Afirka na farko da ya shiga. Ya rasu a Verson, a yankin Normandi, ranar 20 ga Disamba 2001.

Inda lamarin ya iso gare mu

A Yamai aka aza harsashin ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, ranar 20 ga Maris 1970, lokacin da ƙasashe 21 suka sa hannu a kan yarjejeniyar kafa hukumar haɗin kai ta al'adu da fasaha. Senghor da Hamani Diori da Habib Bourguiba na Tunisiya su ne suka fi tsayawa a kan kafa ta. Biyu daga cikinsu malaman makaranta ne da suka taɓa koyar da harsunan Afirka a Paris. A watan Maris 2025 Nijar ta sanar da ficewa daga ƙungiyar, kuma sabuwar dokar ƙasa ta wannan watan ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Nijar ɗin tana da tsohuwar gogewa a nan, domin tun 1973 aka fara makarantun gwaji masu harshe biyu a Damagaram da Hausa. Tambayar da ke gabanta ita ce wadda ta tsaya wa Senigal bayan 1971: doka ta fito, to ina littattafan, ina malaman da aka horar, kuma 'ya'yan manya za su shiga wannan ajin ko na talaka ne kawai? A Najeriya kuma ta ɗaya gefen aka bi. An kafa ƙauyen koyon Faransanci a Badagry a 1991, Janar Sani Abacha ya ce a 1996 Faransanci zai zama harshen hukuma na biyu, amma har yau makarantun gwamnati da yawa a arewa ba su da malamin darasin ko ɗaya, alhali daga Katsina zuwa Maraɗi tafiyar 'yan sa'o'i ce.

Abin da na ɗauka daga tarihin mutumin nan ya fi shafar aikina na yau da kullum. Yaranmu ana koya musu Faransanci ta hanyar Ingilishi, harshen da su kansu ba su gama kamawa ba, sai ya zama ana ɗora bango a kan yashi. Alhali Hausa ta fi Ingilishi kusa da Faransanci a wurare da dama. Babban abin da ke wahalar da mai jin Ingilishi shi ne jinsin suna, a ce tebur namiji ne ko mace. Yaron Hausa da wannan ya tashi: ya san gidan da motar, ya san wannan farin ne waccan farar ce, sifa tana bin jinsin suna kamar yadda take yi a Faransanci. Ya san ana ce wa babba ku don girmamawa, saboda haka vous ba baƙo ba ne a wurinsa. Idan kuma yana da dangi a ƙetaren iyaka ya riga ya ji lakwal (makaranta) da mushe (malami) da kaye (littafin rubutu), ya iya Faransanci kaɗan bai sani ba. Littattafan da muke amfani da su ba su san da wannan ba, domin ba don shi aka rubuta su ba.

A zangon da ya wuce na shiga ajin 'yan shekarar farko na ƙaramar sakandare da darasin le da la. A da nakan rubuta jerin kalmomi in ce a haddace. Ran nan sai na tambaye su da Hausa: rana mace ce ko namiji? Suka ce mace, ai ana cewa rana ta fito. Wata fa? Namiji, wata ya tsaya. Na rubuta le soleil da la lune a allo, na ce musu su Faransawa sun juya abin, ranarsu namiji ce, watansu mace. Aji ya kaure da musu, wata yarinya a layin baya da ba ta taɓa ɗaga hannu ba ta ce, "Malam, to ruwa fa, su a wurinsu mene ne?" Muka bi kayan ajin ɗaya bayan ɗaya, ƙofa, taga, allo, kujera, suna faɗin jinsin kowanne da Hausa, muna duba inda harsunan biyu suka dace da inda suka saɓa. Aka kaɗa ƙararrawa ba mu kai rabin jerin ba, washegari kuma uku daga cikinsu suka zo da nasu jerin da suka rubuto daga gida, na kayan kicin da na dabbobi.